Saura mako bakwai ɗaurin aure: yaya ake tsara ranar kanta?

Mai Jiran Rana:

Assalamu alaikum jama'a. An sa mini rana, Asabar ce, a nan cikin Kano, kuma ta faɗo tsakiyar damina. Iyaye sun tsayar da ɗaurin aure da safe a ƙofar gidan su amarya, yinin biki da rana, kai amarya da daddare, walima washegari. Muna sa ran maza kamar 300 a wurin ɗaurin aure, wasu daga Zariya da Katsina za su taso. An kai lefe, an kama gida. Abin da nake nema a wurin waɗanda suka saba tsayawa a kan hidimar biki shi ne tsarin ita ranar, daga asuba zuwa dare. Me ya kamata a ce an gama kafin ta zo? Goro nawa, abinci nawa, kujera nawa? Kuma a ina abubuwa suka fi kwaɓewa? Ina son addu'a, amma don Allah a haɗa mini da bayani dalla-dalla.

Malam Na Zaure:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ni zan tsaya a kan ɗaurin auren kansa, domin shi ne abin da ake taruwa dominsa, kuma shi ne aka fi barinsa ba shiri saboda ana ganin ai minti goma ne.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, aure yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da sigar nema da bayarwa. Kowanne a cikinsu yana da inda yake ba da matsala. Fara da waliyyi. Tun yanzu wakilinka ya tambayi gidan amarya wa zai ba da auren, da sunansa. Idan mahaifinta yana raye, ko dai ya bayar da kansa ko ya wakilta wani, kuma a al'adarmu yawanci baffa ake ba wa wannan girma. Abin da ake so shi ne mahaifin ya furta wakilcin a gaban mutum biyu kafin ranar. In ba a yi haka ba, ana iya zama a kan tabarma baffanni biyu kowa yana ganin shi ya cancanta, jama'a na jira. A kuma lura cewa kawu, wato ɗan'uwan uwa, ba ya cikin waliyyai na dangantaka. Yana iya ɗaurawa idan mai haƙƙin ya wakilta shi, amma ba don kawai shi ya riƙe yarinyar ba. Wannan yana yawan tasowa ga marainiya, gara a kai wa malami maganar tun da wuri.

Sadaki kuma a yanke shi tsakanin manya kwana uku ko huɗu kafin ranar, kada a bar ciniki sai a gaban taro. Mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato zinare giram ɗaya da 'yan kai, tunda dinari giram 4.25 ne. Farashin zinare yana motsi, don haka a tambayi kuɗinsa a makon bikin, kada a yi aiki da lissafin bara. A ƙirga kuɗin mutum biyu, a sa a ambulan, a rubuta adadin a bayanta, wakili ya sa a aljihun 'yar ciki, ba aljihun babbar riga ba. Taron ɗaurin aure kasuwar 'yan sane ce, wannan kowa ya sani. In za a biya wani ɓangare daga baya, a faɗa a fili nawa ne lakadan nawa ne ajalan, kuma zuwa yaushe. Kunyar faɗin haka a ranar ita ke zama rigima bayan shekaru.

Ga yadda zaman yake. Liman zai buɗe da huɗuba. Wakilinka zai ce yana nema wa ɗansu wane auren wance. Waliyyi zai ce ya bayar a kan sadaki kaza. Wakilinka ya ce ya karɓa maka, tare da ɗaukar nauyin ci da sha da sutura da muhalli. A miƙa sadaki, a ƙirga, a shafa fatiha, sanƙira ya miƙe ya sanar. Shaidun nan biyu su zauna kusa, inda za su ji maganar da kunnensu. Mutum 300 da ke tsaye a bakin titi suna gaisawa ba su ji komai ba, don haka a ayyana mutum biyu tun kafin a fara.

A rubuta sunayen ku a takarda da manyan baƙaƙe: sunanka da na mahaifinka, sunanta na yanka da na mahaifinta. A gida ɗaya ana iya samun Aisha biyu ko Fatima uku, kuma waliyyi dattijo wani lokaci sunan gida kawai ya sani. Kwafi ɗaya ga liman, ɗaya ga wakili, ɗaya ga sanƙira.

Sai takardar gwaji. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da jinotayif. Liman yana iya cewa ba zai ɗaura ba sai ya ga takardar, kuma yana da gaskiya. A kai masa ita tun ranar Alhamis ya gani.

Lokaci: ku sa ƙarfe 11 na safe a kati, ku kuma ɗaura ƙarfe 11. Baƙin Zariya da Katsina in sun taso bayan asuba sun iso. Jiran wani babban mutum da bai zo ba shi ne ke kai ɗaurin aure azahar, daga nan duk sauran tsarin ranar ya goce.

Hajiya Uwar Biki:

Ɗana, Allah ya sa gidan zamanta ne. Malam ya gama da zaure, ni bari in shiga cikin gida.

Goro tukuna. Ƙwarya ɗaya goro 100 ne. Maza 300, ka sayi ƙwarya biyar: uku ta rabo, ɗaya ta manya da liman da maƙwabta, ɗaya a shigar wa mata. Je ka kasuwar Mariri ranar Laraba ko Alhamis, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa. Kada a ƙulla a leda sai daren Juma'a, domin in ya kwana biyu a ƙulle gumi yake yi ya fara baƙi. Kowane ƙulli goro ɗaya, alawa biyu, dabino uku. Samari huɗu su raba, kowa da ɓangarensa, kuma sai an shafa fatiha. In aka ɗaga tire sama a tsakiyar jama'a, wawa za a yi, rabi ya zube ƙasa, dattawa su tashi hannu wofi.

Abinci. Buhun shinkafa mai kilo 50, in dafa-duka ce kuma a robar tekawe za a zuba, yana ciyar da mutum wajen 300. Yana cin mai kamar lita takwas. Nama in kaza ce, ana yanka babba gida takwas, kaji 40 ke nan da 'yar rara. In na sa ne, kilo ɗaya yana ba da yanka kamar 20 madaidaita, kilo 15 ke nan. Amma ka sani ba duk wanda ya zo ɗaurin aure ke tsayawa cin abinci ba. Mutanen gari suna shafa fatiha su gaisa su wuce. Waɗanda dole a ciyar su ne baƙin nesa da abokai da dangi, don haka a ware nasu daban, a kai wani gida na maƙwabta da aka roƙa tun farko, kada a raba a titi.

Wurin mata ne lissafi ke ƙin ci. Duk katin da aka ba mace ɗaya, ka ƙirga mutum uku: ita, da 'yar rakiya, da yaro. Kuma mata ba sa ci su tashi, sai sun ƙulla na gida. In gidan amarya sun raba kati 150, su dafa na 450. Wannan nauyinsu ne, amma naku gidan ma zai cika da dangi, mahaifiyarka tana da nata yinin. A ba ta rabin buhu da kayan haɗinsa, kada hankalinka ya tafi wurin abokai ka bar ta da kunya.

Tunda damina ce, tumatir ɗanye zai yi tsada kuma ruwa ne cikinsa. A haɗa da na gwangwani da tattasai, a je 'Yankaba ranar Alhamis da sassafe, a niƙa a tafasa kayan miyan har ruwan ya tsotse tun ranar Juma'a. Nama ma a dafa a soya ranar Juma'a da yamma, a baza shi a tire ya huce sarai kafin a rufe. Itace a shigar da shi ƙarƙashin rufi tun farkon mako. Jiƙaƙƙen itace ya sha sa abincin ƙarfe 12 ya sauka ƙarfe uku, ga warin hayaƙi. Masu girki su hura wuta ƙarfe huɗu na asuba.

Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne soyayyar shinkafa mai hanta da koren wake da karas. Tana da kyau a ido, amma ita ce ta fi saurin lalacewa. In aka zuba ta da zafinta a kula aka danne murfi, tururin ya koma ruwa, kafin la'asar ta fara yauƙi. Ko a bar ta gaba ɗaya, ko a dafa ta kashi biyu, na rana da na yamma. Kabeji da mayonis kada su shiga roba ɗaya da shinkafa mai zafi. Kunun aya ma haka, in babu ƙanƙara ba ya kai yamma. Zoɓo ya fi shi haƙuri. Waina kuma a niƙa ƙullin da daren Juma'a, masu suya biyu da tanda biyu, don mace ɗaya ba ta iya suyar mutum 200.

Ruwa: ledar fiya wata guda 20 ce. Ka lissafa biyu ga kowane mutum, leda 30 ke nan wa maza, ka ƙara goma. Ƙanƙara a biya kuɗinta tun Alhamis, ranar Asabar kowa nema yake.

Ɗakin da aka ajiye abinci da lemo ya zama da makulli, a hannun mace ɗaya mai ido, wadda ba ta jin kunyar cewa a'a. Ba amarya ba, ba uwar amarya ba, su hankalinsu ba ya wurin. Yawancin bikin da aka ce abinci bai isa ba, ya isa, ta bayan gida ya fita.

Jere kuma a gama shi ranar Laraba ko Alhamis. Kafin nan ka auna faɗin ƙofar ɗaki da ta falo ka aika wa kafintan da ke yi musu gado da kujeru, ka auna tagogi saboda labule. Ka hau ka duba rufin in yana yoyo tun kafin a shimfiɗa katifa.

Babban Aboki:

Ango ka sha ƙamshi. Iyayenmu sun yi bayani, ni zan ɗora da abin da ya shafi abokai da motoci.

Ka naɗa mutum huɗu, kowa da aikinsa guda, ka gaya musu a zaune mako biyu kafin ranar. Na farko babban aboki, yana tare da kai ko'ina, wayarka tana hannunsa, domin kira zai fi 100 kuma rabinsu kwatance ake nema. Na biyu mai kuɗi: canjin maroƙa da 'yan hoto da masu gadin motoci, a ƙananan takardu, adadin da ka yanke, in ya ƙare ya ƙare. Kai kada ka sa hannu a aljihu ranar, in ka fara ba za ka tsaya ba. Na uku mai baƙi, shi ya san gidan da za a sauke su da inda abincinsu yake. Na huɗu mai motoci.

Rumfa madaidaiciya tana ɗaukar kujera 40 zuwa 50. Ɗaurin aure ba ya buƙatar kujera 300, yawanci a tsaye ake. Rumfa uku da kujera 120 da manyan tabarmi huɗu na manya sun isa. A kafa tun yammacin Juma'a, a ɗaure ƙafafun da igiya a jikin turaku ko a danne da bulo, don hadarin Kano da iska yake fara zuwa, rumfar da ba a ɗaure ba kan motocin mutane take sauka. A sanar da mai unguwa in za a tare layi. A kuma nemi izinin masallacin unguwa ko wani babban zaure a matsayin mafaka in ruwa ya sauko da safe. Lasifika a gwada ta da janareta, ba da wutar gari ba, a tanadi fetur lita goma.

Ɗinki: ka gaya wa tela kana so mako biyu kafin ainihin ranar, ka je ka gwada, a kai bugu, ka rataye. Kaya kala biyu, na safe da na dare, da hula da takalmin da ka taɓa sawa ko sau biyu ne. Sabon takalmi da tsayuwar awa uku ba sa haɗuwa. Ka karya kumallo sosai, don abinci na gaba sai bayan azahar.

Bayan ɗaurin aure za a shiga da kai gaida iyayen amarya da naka. Ka ɗauki abokai biyar, ba talatin ba, gida cike yake da matan mutane. Mai hoto guda ɗaya da kuka yi jinga da shi, a nuna wa mai kuɗi fuskarsa. Akwai masu zuwa ba gayya su yi ta ɗauka, su wanko su ce a biya.

Kai amarya shi ne inda aka fi samun ɓacin rai, wani lokaci har da asarar rai. A yi magana da gidan amarya kan adadin motoci, a ce shida ko bakwai, a tsaya a kai. Motoci su isa ƙofar gida kafin magariba, don nasihar iyaye da sallama da kuka suna cin awa guda, kuma ruwan damina ya fi son yamma da dare. Motar amarya a ba dattijon direba, ita da gwaggonta da wata babba. Mota ɗaya a gaba wadda ta san hanya, kuma a faɗa wa kowane direba baki da baki cewa babu tsere, babu wuce juna, babu zama a kan taga. Duk wanda aka san shi da wasa da mota kada a karɓi gudummawar motarsa, ko ya ji haushi. Mai motoci ya bi hanyar da rana ya gani, in layin gidan yana riƙe ruwa a san inda za a tsaya. Kuma motocin da suka kawo mata su ne za su mayar da su, direba ba ya tafiya sai an sallame shi. Sau da yawa ana sauke mata 40 a unguwar da ba su sani ba, ƙarfe goma na dare motoci sun watse.

Makullin gida a yanka uku: ɗaya wurinka, ɗaya wurin babban aboki, ɗaya wurin matar da ta jagoranci jere. A sa fitila mai caji, a cika randa ko tanki, a duba tukunyar gas. Kuɗin sayen baki a daidaita da babbar ƙawa tun da rana ta waya, don kada a kai sha ɗayan dare ana ja-in-ja. Kaza da madara a saya kafin isha.

Mai Jiran Rana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, duk na rubuta. Tambaya biyu. Malam, in aka tura sadaki ta banki ya wadatar? Sannan gwajin nan, in aka yi shi a makon bikin ya yi?

'Yar Asibiti:

Yaya, kada ka kai gwaji makon biki, ka yi shi cikin satin nan, da ma kafin sa rana ya kamata. Ba takardar ce abin nema ba, sakamakon ne. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini. Wannan magana ce da iyali ke buƙatar lokaci su zauna a kanta, ba a ranar da aka riga aka kafa rumfa ba. Ku je asibitin da aka amince da shi, ku biyun da ƙafarku, kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan'uwansa. In sakamakon jinotayif ya saɓa da wanda aka taɓa yi a baya, a maimaita a wani wurin.

Ka kuma isar wa amarya saƙo ta hannun 'yan'uwanka mata game da baƙin lalle. Wanda ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, ya yi ƙuraje da ruwa, kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye da haka, yana iya faɗowa daidai ranar biki. Ta ɗiga kaɗan a cikin damtse mako guda kafin ranar ta gani. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ta tsaya a jan lalle. Dilka da halawa a gama su kwana uku kafin nan, kuma kada ta fara sabon mai ko sabulu a makon.

Ina ƙara wa maganar Hajiya abu ɗaya. Shinkafar da ta yini a kula ba sai ta yi wari take cutarwa ba, kuma ɗumame ba ya gyara ta. Wadda aka sauke da safe kada a ba 'yan kai amarya da daddare. A ɗora musu sabuwar tukunya bayan la'asar, ko da kilo goma ce.

Malam Na Zaure:

Ya wadatar, sadaki haƙƙin amarya ne, ta kowace hanya ya isa gare ta ya isa. Amma kada a tsaya turawa a wurin zaman, intanet na iya ɗaukewa, ko kuɗi ya fita bai shiga ba, a bar dattawa suna kallon waya. A tura ranar Alhamis zuwa asusunta ko na wanda ta amince, waliyyi ya tabbatar da bakinsa a gaban shaidu cewa ya shiga, sannan a sanar da adadin. In dattawan gidan sun fi son su ga kuɗi a hannu, a bi son ransu, a ciro tun farkon mako saboda ƙa'idar cire kuɗi ta banki.

Tunda an zo maganar kuɗi, a gaya wa abokai su bar liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Mai gudummawa ya sa a ambulan ya ba mai kuɗi, a rubuta sunansa a littafi, don ka san waɗanda za ka bi da godiya.

Walimar washegari ta yi daidai, bayan tarewa ake so. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da akuya ɗaya ce, don haka kada ka ci bashi dominta. Ka sa ta ƙarfe huɗu da rabi bayan la'asar, mai wa'azi ɗaya, a gaya masa minti 20 ne, a gayyaci maƙwabtan sabon gidan da talakawan layin tun ranar Juma'a, a tashi kafin magariba.